Tambayoyi da amsoshi kan jagorancin injiniyoyin kilawud da DevOps a arewacin Kamaru

Matasan da suka fito daga jami'o'in Ngaundere da Marwa sukan yi mini waɗannan tambayoyi idan muka haɗu a Garwa, shi ya sa na ga ya dace in rubuta amsoshin.

Mene ne kilawud, mene ne kuma DevOps?

Kilawud haya ce. Maimakon kamfani ya sayi manyan kwamfutoci ya jibge a ofis, sai ya kama hayar na wasu ta intanet, ya biya gwargwadon amfanin da ya yi. Amazon ne ya buɗe wannan kasuwa sosai a 2006, Google da Microsoft suka biyo baya. DevOps kuwa, sunan da ya yaɗu bayan wani taro a birnin Gent na Beljiyam a 2009, tsarin aiki ne da ke haɗa masu rubuta manhaja da masu kula da ita, ta yadda wanda ya gina abu shi za a tasa daga barci idan ya lalace.

Dole ne shugaban injiniyoyi ya fi kowa iya Kubernetes da Terraform, wato manhajojin da ake tsarawa da sarrafa kwamfutocin kilawud da su?

Ba dole ba ne, amma wajibi ne ya san su har ya gane lokacin da ake yi masa rufa-rufa. Babban aikinsa shi ne kada sirrin tsarin ya zauna a kan mutum ɗaya: a rubuta komai, kuma kada wani canji ya wuce sai mutum na biyu ya duba.

Me ya bambanta aikin a nan da na Turai?

Nisa, wuta da kuɗi. Cibiyoyin da manyan kamfanonin nan suke ajiye kwamfutocinsu a nahiyarmu suna Afirka ta Kudu: Microsoft ya buɗe nasa a 2019, Amazon a 2020, Google a 2024. Wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suna sauka ne a Duwala da Limbe da Kiribi, sannan a jawo layi zuwa arewa har cikin Chadi, don haka yankewa ɗaya a hanya tana iya tsayar da mu. Wanda ya ga abin da ya faru a Maris na 2024, lokacin da wayoyi da dama suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ba ya buƙatar ƙarin bayani. Wutarmu kuma ta dogara sosai da madatsar Lagdo, wadda ruwanta ke ja baya da rani. Ga shi yawancin kuɗin hayar da dala ake lissafa shi, alhali da sefa muke samun kuɗin shiga. Saboda haka nake jan kunnen shugabanni kada su yi gaggawar alkawarin cewa tsarin zai yi aiki kashi 99.9 cikin 100 na lokaci, domin ma'anarsa ita ce tsayawar da ba ta wuce minti 43 a wata ba.

Idan abu ya lalace, laifin wa ne?

Nan ne na fi damuwa, domin kunyar da muka tashi da ita, wadda abin yabo ce a gida, tana iya yin ɓarna a wannan aiki. Wata rana da tsakar dare ƙaramin injiniyanmu ya goge rumbun bayanai bisa kuskure, ya zauna shi kaɗai kusan awa biyu yana ƙoƙarin gyarawa, hannunsa na rawa, kafin ya iya kirana ya ce, "Yallaɓai, na yi ɓarna." Kwafin ajiyarmu ya cece mu cikin minti ashirin, awa biyun nan kuwa tsoro ne ya cinye su. Washegari ban tambayi wanda ya yi ba, sai na tambayi yadda aka yi umarni ɗaya ya iya goge komai ba tare da neman tabbaci ba, kuma na fara da lissafa nawa sakacin a gabansu. Muka rage ikon gogewa, muka kuma sa gwajin dawo da kwafin ajiya kowane wata.

Yaya ake raba zaman ko-ta-kwana?

Mako-mako, kuma da sunan shugaba a cikin jerin. A wurinmu abokan aikinmu Kiristoci sukan karɓi ranakun Sallah, mu kuma mu karɓi na Kirsimeti, wanda ya kwana yana gyara kuwa ba a jiransa a ofis da safe.