Satar Fasaha ta Wayar Hannu

Satar fasaha ita ce kwafar littafi, fim ko waƙa a yaɗa ko a sayar ba da izinin mai shi ba. A da sai an nemi injin ɗab'i ko na'urar kwafar kaset da faifai. Yanzu wayar hannu ma ta isa.

A Bauchi da Gombe, kamar sauran biranen Arewa, akwai masu tura fina-finai da ake kira 'yan dawunlodin. Suna zama da kwamfuta a bakin kasuwa ko tashar mota, suna cika wa mutum waya da fina-finan Kannywood da na Indiya masu fassarar Hausa a kan kuɗi kaɗan. Sau da yawa ko kwabo ba ya kai wa furodusa. Wannan na cikin abin da ya kashe kasuwar faifan CD, ya tura masu shirya fim zuwa YouTube.

Marubutan intanet, waɗanda yawancinsu mata ne, sun fi jin jiki. Marubuciya takan saki shafukan farko kyauta, mai son ci gaba ta biya ta banki ko katin waya a saka ta a guruf ɗin WhatsApp. Sai mutum ɗaya ta saya ta watsa wa ɗaruruwa, wani kuma ya karanta labarin da murya ya ɗora a tasharsa yana cin kuɗin talla. Shi ya sa ake ganin "Allah ya isa" a saman shafi.

Matsalar ba ta tsadar littafi kaɗai ba ce. Mai karatun da ke ƙorafin farashi shi ne ke sayen data kullum bai ji ciwo ba. Abin da ba a riƙe shi a hannu ba, mutane ba sa ganin darajarsa, kuma tun da kwafi ba ya rage komai a wayar mai shi, ba a ɗaukarsa sata. Alhali watannin da marubuciya ta hana idonta barci su ne aka ɗauke.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2023, ta shafi ayyukan intanet, ta kuma ba mai haƙƙi damar neman a sauke aikinsa da aka ɗora ba da izini ba. Kariyar littafi tana kai shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya rasu a 1966 aka binne shi a Bauchi, yana cikin wannan wa'adi har ƙarshen 2036.