Kogin Ganga: Daga Ƙanƙarar Himalaya Zuwa Tekun Bengal

Ganga, wanda Turawa ke kira Ganges, shi ne babban kogin arewacin Indiya, kuma ɗaya daga cikin kogunan da lakarsu ta gina ƙasar Bangaladesh. Tsawonsa kimanin kilomita 2,525 ne, daga duwatsun Himalaya zuwa Tekun Bengal. Ƙasar da ruwanta ke gangarowa cikinsa ta kai murabba'in kilomita miliyan 1, wato ta ninka Gana sau 4 har da 'yan kai, kuma mutane fiye da miliyan 400 ne ke zaune a cikinta. An fi saninsa da cewa daga ƙanƙara yake fitowa. Haka ne ta fuskar asali, amma idan ana maganar yawan ruwa, akasarin abin da yake kaiwa teku ruwan damina ne.

Mafari

A jihar Uttarakhand akwai wani kwari mai suna Gangotri, cike da daskararriyar ƙanƙara mai tsawon kilomita 30. Dusar ƙanƙara ce da ta yi ta zuba shekara da shekaru, ta sama tana danne ta ƙasa, har ta sandare ta zama tamkar dutse. Nauyinta ne ke sa ta zamewa gangare a hankali, tana niƙa duwatsun da ke ƙarƙashinta. A ƙarshen kwarin, wurin da ake kira Gaumukh, ruwa ke ɓulɓulowa daga ƙarƙashin ƙanƙarar, mai sanyi ƙarara, launinsa toka-toka saboda garin dutse. Wurin yana kusan mita 4,000 sama da teku. Dutsen Afadjato, da ake ƙirgawa cikin mafiya tsawo a Gana, bai kai mita 900 ba.

Ruwan da ya fito daga nan sunansa Bhagirathi. Akwai wani kogin, Alaknanda, da ke tasowa daga ƙanƙarar Satopanth kusa da Badrinath, yana kwasar ƙananan koguna a hanya, cikinsu har da Dhauliganga da Pindar da Mandakini. Sai a garin Devprayag biyun ke haɗuwa, daga nan ne kuma ake fara cewa Ganga. Masana labarin ƙasa suna ganin Alaknanda ya fi cancanta a kira shi tushe don ya fi tsawo, amma mabiya addinin Hindu Bhagirathi suka riƙe, kuma nasu ne ya bi duniya.

Ƙanƙarar Gangotri tana ja da baya. Daga 1935 zuwa yau bakinta ya koma sama da fiye da kilomita 1 da rabi. Yankin kuma ba shi da tabbas: a watan Yunin 2013 ruwan sama mai ƙarfi da ɓallewar wani tafki a saman Kedarnath sun hallaka dubban mutane, yawancinsu masu ziyarar ibada. A ranar 7 ga Fabrairun 2021 wani ɓangaren dutse da ƙanƙara ya rufto a gundumar Chamoli, ya share ayyukan wutar lantarki biyu, mutane kusan 200 suka mutu ko suka ɓace.

A kan Bhagirathi aka gina madatsar ruwa ta Tehri, mai tsayin mita 260, wadda ta fara ba da wuta a 2006. Ta ninka madatsar Akosombo ta Gana tsayi fiye da sau 2, ko da yake tafkinta ɗan ƙarami ne idan aka gwada da Tafkin Volta. Tsohon garin Tehri yana ƙarƙashin ruwa yanzu, kamar yadda tsohuwar Kete Krachi ta nutse bayan an datse Volta.

Saukowa fili

Bayan Rishikesh, kogin yana fita daga duwatsu a Haridwar. Garin yana mita 300 kacal sama da teku, bai fi Kumasi tsayi da wani abin kirki ba, alhali sauran tafiyar ta haura kilomita 2,000. Ma'ana, a cikin 'yan kilomita ɗari na farko kogin ya sauko mita dubbai, sauran hanyar kuwa kusan shimfiɗe take. Wannan ne ya sa yake tafiya a sanyaye, yana karkace-karkace, yana zubar da yashi a tsakiyarsa, yana cin gaɓa ɗaya yana gina ɗaya.

Tun a Haridwar ake fara rage masa ƙarfi. Bayan yunwar 1837 zuwa 1838, wani injiniyan Ingila mai suna Proby Cautley ya jagoranci haƙa babbar hanyar ruwa, aka buɗe ta a 1854, kuma har yau tana shayar da gonakin alkama da rake da shinkafa a tsakanin Ganga da kogin Yamuna. An ƙara wasu madatsun a gaba, kamar ta Narora. Da rani, abin da ke saura a cikin kogin kafin ya isa Kanpur kaɗan ne ƙwarai.

Kanpur garin majema ne. Ɗaruruwan masana'antun jima sun taru a unguwar Jajmau, kuma shekaru da dama ruwan jimar, mai ɗauke da sinadarin kuromiyom, yana ƙarewa a cikin kogi. Duk da haka, mafi yawan dattin Ganga ba na masana'anta ba ne, ruwan bayan gida ne na birane da ake sakewa ba a tace ba. Gwamnatin Rajiv Gandhi ta ƙaddamar da shirin tsabtace kogin a tsakiyar shekarun 1980, ta Narendra Modi ta zo da nata shirin, Namami Gange, a 2014. An gina matatun ruwa da yawa, amma biranen sun fi matatun saurin girma. Wanda ya san halin da kogin Odaw ke ciki a Akra, ko abin da galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ya yi wa kogunan Offin da Pra, ba zai yi mamakin yadda kogi ke lalacewa a gaban idon masu shan ruwansa ba.

Yadda damina ke mayar masa da jiki

Iskar damina tana tasowa daga teku a watan Yuni, ta bugi katangar Himalaya, ta juye ruwanta har zuwa Satumba. Kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan saman shekara a cikin waɗannan watanni 4 yake sauka. Damina ɗaya ce tak, irin ta Tamale da Bolga, ba biyu ba kamar ta Kumasi. Amfanin narkewar ƙanƙara shi ne lokacin da take zuwa: a watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ya tsananta kuma sama ba ta fara zuba ba, ita ke riƙe da saman kogin. Can ƙasa kuwa, ruwan da ke tsatsowa daga ƙarƙashin ƙasa ne ke taimakonsa da rani, shi ma rijiyoyin burtsatse na manoma suna ta zuƙe shi.

A Prayagraj, da aka sani da Allahabad kafin 2018, Yamuna ke shigowa bayan ta ratsa Delhi da Agra. A wannan mahaɗa ake yin taron Kumbh Mela duk shekara 12, na baya-bayan nan a farkon 2025, inda miliyoyin mutane ke shiga ruwa don wankan ibada. Gaba kaɗan sai Varanasi, inda kogin ke karkata ya fuskanci arewa. Gaɓar birnin matakalai ne na dutse a jere, wasu na wanka, wasu na ƙona gawa, mafi shahara Manikarnika. Birnin kuma yana da Musulmi da yawa, su ne akasarin masaƙan alharinin da ya yi suna a faɗin Indiya.

Daga nan manyan rassa ke shigowa ɗaya bayan ɗaya: Gomti, Ghaghara, Son daga kudu, Gandak daura da Patna, sai Kosi. Ghaghara da Gandak da Kosi ta Nefal suke biyowa, kuma da rani su ne ke kawo fiye da rabin ruwan da ke wucewa gaba. Kosi ba ta zama wuri ɗaya. A watan Agustan 2008 ta fasa shingenta a Kusaha, cikin Nefal, ta koma wata tsohuwar hanya da ta daɗe da bari, ta mamaye garuruwan miliyoyin mutane a jihar Bihar. Mutanen arewacin Gana sun san irin wannan zaman: ruwan da ke cinye gonarka a wata ƙasa yake tasowa, kamar duk shekarar da aka buɗe madatsar Bagre a Burkina Faso.

Farakka da rabon ruwa

Ƙasa da kilomita 20 kafin iyakar Bangaladesh, Indiya ta gina shingen Farakka, mai tsawon fiye da kilomita 2, ya fara aiki a 1975. Manufarsa karkatar da wani kaso na ruwan zuwa reshen Hooghly, don ya wanke lakar da ke toshe tashar jiragen ruwa ta Kolkata. Bangaladesh ta koka cewa da rani ana barin ta da ƙasa busasshiya, ruwan gishiri kuma yana kutsowa daga teku. A watan Disambar 1996 firaministocin Bangaladesh da Indiya na lokacin, Sheikh Hasina da H. D. Deve Gowda, suka sa hannu a yarjejeniyar shekara 30 kan rabon ruwan daga Janairu zuwa Mayu. Shingen ya kuma tare wa kifin hilsa hanya, wanda a da yake hawowa daga teku har yankin Allahabad. Dabbar dolfin ta Ganga, wadda kusan makauniya ce, da sauti take farauta, ita ma madatsu sun raba ta gida-gida.

Bakin teku

A Bangaladesh sunan kogin Padma. Yana haɗuwa da Jamuna, wato Brahmaputra, kusa da Goalundo, sannan da Meghna a Chandpur, su zuba teku tare da sunan Meghna. A 2022 aka buɗe gada mai tsawon kilomita 6.15 a kan Padma. Yankin da waɗannan koguna ke rarrabuwa kafin teku shi ne mafi girma irinsa a duniya, kuma suna sauke masa laka kusan tan biliyan 1 a shekara.

A wannan laka ake noman shinkafa da kuma tsiron da ake saƙa buhun algarara da zarensa. Ɗaya daga cikin irinsa biyu shi ne ayoyon da ake miyar tuwon zafi da shi a zangunan Kumasi da Akra, sai dai can ana barinsa ya yi tsawo don ɓawonsa. Buhunan da ake ɗura kokon Gana a ciki daga Bangaladesh da Indiya ake shigo da su.

A gaɓar kudu akwai dajin Sundarbans, kimanin murabba'in kilomita 10,000 na itatuwa masu rayuwa a ruwan gishiri, mazaunin damisar Bengal mai zane da manyan kadoji. Dajin yana rage ƙarfin guguwar teku, wadda ba ƙaramar barazana ba ce a nan: ta Bhola a 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000. A bakin Meghna tsibiran laka suna tsirowa, manoma su hau su shuka, bayan wasu shekaru ruwa ya kwashe su, abin da ke jawo rigingimun fili ba iyaka. Lakar da ba ta tsaya a nan ba tana gangarawa ƙarƙashin Tekun Bengal, inda ta shimfiɗu kudu har tsawon kilomita 3,000.