Za mu tantance 'yan wasa: ga amsar tambayoyin da kuke ta turo mana

Jama'a tunda muka sanar a Agege da Idi-Araba cewa ƙungiyarmu za ta ɗauki 'yan wasa don sabuwar diramar barkwanci waya ba ta huta ba, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne ke ta dawowa, shi ya sa na ce bari in tara su wuri guda.

Wai labarin me wasan yake bayarwa ne?

Labarin marubutan gidan talabijin ne a Kaduna, ƙarshen shekarar 1972. Lokacin gwamnatin Gowon na shirin canjin kuɗi, ranar 1 ga Janairun 1973 za a bar fam da sule a koma naira da kwabo, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule goma naira ɗaya. Inda rikicin yake, sulen da kowa ya sani kwabo 12 ne yanzu an ce kwabo 10 ne a sabon kuɗi. To a wasan namu sai aka umarci sashen dirama su rubuta abin da zai wayar wa mutane kai kafin ranar, alhali su kansu marubutan lissafin bai zauna musu ba. Canjin kuɗin ya faru da gaske, mutanen cikin wasan kam mu muka ƙirƙire su. Komai a ɗaki ɗaya yake faruwa, tebur da tafireta da fanka da butar shayi, shi ke nan.

Me ya kai ku tono zamanin da ko haihuwar yawancinmu ba a yi ba?

Saboda marubutan talabijin na zamanin nan sun yi aikin da sabo ne a ƙasar nan. Talabijin ta fara a ƙasar nan a Ibadan ranar 31 ga Oktoban 1959 zamanin Awolowo, ta Kaduna ta biyo baya a 1962 zamanin Sardauna, a shekarar ce ma aka buɗe ta nan Legas, sai a 1977 aka haɗa tashoshin ƙarƙashin NTA. Waɗanda suka riƙe dirama a farkon nan da yawansu daga rediyo suka tsallako, hoto baƙi da fari, kayan aiki kaɗan, kuma sau da yawa ba a rubuta maganar kowa kalma bayan kalma, ƙashin labari ake ba ɗan wasa shi ya sa masa nama da bakinsa. Muna tuna fuskokin da muka gani a akwati amma wanda ya zauna ya ƙulla labarin ba mai ambatonsa, wannan abin yana damuna gaskiya.

Malam ni fa duk majalisarmu a Mile 12 an san ni da ban dariya, ai ba sai an gwada ni ba ko?

Ɗan'uwa za a gwada ka, kuma ina roƙonka ka karanta wannan da kyau don nan ne mutane suka fi jin haushinmu. A majalisa kai kaɗai ke riƙe da fili, ka fara labari lokacin da ka so ka tsaya lokacin da ka so, kowa ya san ka tun kafin ka buɗe baki sun shirya dariya. A dandamali ba haka ba ne, ballantana wasan da mutum shida ke zaune kan tebur ɗaya suna gardama. Dariyar ba daga bakin mutum ɗaya take fitowa ba, wani ne zai ɗora maganar, wani ya yi shiru na ɗan lokaci yana kallonsa, na uku ya sauke ta, in ɗaya ya yi gaggawa ko ya cusa tasa a tsakiya don a ce shi ma ya iya, shi ke nan ta mutu. Kamar masu daka ne a turmi ɗaya, kowa da lokacin sauke taɓaryarsa. Shi ya sa abin da muka fi kallo a wurin tantancewa shi ne yadda kake saurare, me fuskarka ke yi lokacin da abokin wasanka ke magana, shin kana jin sa ne ko kana jiran ya gama ka yi naka. Sannan mutanen cikin labarin nan ba su san suna ba da dariya ba fa, su tsoron kora daga aiki suke, wanda zai taka su sai ya ɗauki damuwarsu da gaske. Mai murguɗa baki da canza murya don a yi dariya ba shi muke nema ba, ko da ya fi kowa mabiya a TikTok.

Su wa da wa ake nema?

Akwai shugaban sashe mai tsoron na sama da shi, akwai dattijon da ya tsufa a rediyo yana ganin talabijin wasan yara ce, da malamin makaranta da ya zo daga Zariya shi ne kaɗai ya iya lissafin amma ba mai sauraronsa, da tsohon soja da ya dawo daga yaƙin basasa, da mai gabatar da shirin mata. Sai masinja, maganarsa ba ta da yawa amma kusan ba ya barin dandamali, wallahi shi ne ya fi wuyar samu. Matsayin dattijon nan muna son dattijo na gaske, ba ma son shafa wa saurayi hoda a gemu. Baba in kana da sha'awa ka zo, za mu bi da kai a hankali.

A Agege aka haife ni, Hausata ta gauraya da Yarbanci da turancin buroka, zan shiga?

Ka zo. Marigayi Usman Baba Pategi ai da Hausar bariki ya yi Samanja kuma ita ce ta sa aka so shi, matsayin tsohon sojan nan irin bakinka yake so. Amma malamin Zariya da dattijon rediyo sai mai Hausa tsantsa, kuma kowa sai ya guji kalmomin yau, a 1972 babu mai cewa ya tura alat.

Mata fa?

Matsayi ɗaya ne a rubuce, na mai gabatar da shirin mata, amma babba ne, ita ce ke zuwa kasuwa ta san yadda mai tumatir zai ji in aka ce masa sulensa ya ragu da kwabo biyu. Wadda ke gaban iyaye ta zo da yardarsu, matar aure da yardar maigida, kuma kofa a buɗe take duk wanda ke son rako ta ya zauna ya kalli atisaye. Hajiya da ta tambaya kan sutura, atamfa ce da ɗankwali da gyale irin na lokacin.

Yaya za a yi gwajin, sai na haddace wani abu?

A'a. Za a ba ka shafi ɗaya ka karanta da wani, sai a musanya ku, wanda ya yi shugaba ya koma masinja. Daga nan a ajiye takarda a ba ku ƙashin labari ku yi da bakinku yadda na da suka yi. Wanda karatun boko ya yi masa nauyi kar ya ji kunya, za a karanta masa ya riƙe.

Akwai kuɗi a ciki?

Babu albashi, kar in ruɗe ku. In an samu wani abu a ƙofa za a cire kuɗin zaure da janareto da kuɗin motar 'yan wasa tukuna. Atisaye Asabar da Lahadi ne bayan la'asar, mai zuwa daga Alaba Rago ko Obalende ya yi wa kansa lissafin gosulo tun yanzu, don in mutum ɗaya bai zo ba sauran biyar ba abin da za su iya yi a teburin nan. Wanda ya san kasuwa ko aikin gadi ba zai bar shi ba ya faɗa mana tun ranar gwaji, akwai aikin haske da kayan wasa, kuma har yanzu muna cigiyar tsohuwar tafireta mai aiki, wanda ke da ita a gida ya taimaka ya ara mana.