Kilarinet ba algaitar Turawa ba ce

An daɗe ana cewa duk wanda ya iya busa algaita a fadar Argungu ko Gwandu, da an miƙa masa kilarinet, wato wani dogon abin busa na Turawa, zai busa. Amma ba haka abin yake ba.

Algaita harshen kara biyu gare ta, mai busa yana cusa su duka cikin baki, ya kumbura kumatu. Kilarinet harshe ɗaya ne, ana ɗaure shi a jikin bakin busawa. Leɓen ƙasa ake naɗewa kan haƙora, haƙoran sama su dafa bakin busawar, kumatu kuwa a tsuke. Ɗalibin da ya kumbura su, ƙara mai tsini zai yi ta fitarwa, kuma nan malamai suka fi shan wahala da wanda ya taso da algaita. Dabarar mai algaita ta shaƙar iska ta hanci ba tare da yanke busa ba tana da amfani, amma sai can gaba.

Mai koyo ya fara da harshe lamba 2 ko 2.5 (lambar tana nuna taurinsa ne), ya jiƙa shi kafin busa. Mai tauri ba gwaninta ba ne, gajiyar da baki kawai yake yi.

Sai hunturu. Kilarinet ta katako takan tsage in iskar Gusau ta bushe, musamman gaɓar sama. Don haka ta roba ta fi dacewa da ɗalibi, a kuma zura kyalle a tsane cikinta bayan kowace busa.