Tarif: kalmar da ake ta fassara mana da haraji

Tun watan Janairun 2025, da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da abin da bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba, kalmar tarif ta shiga bakin kowa a Kaduna. Kafin nan an ji ta a watan Afrilun 2024, lokacin da aka kai kuɗin wutar 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta a rana, naira 225 kowane yunit. Sai kuma a Afrilun 2025 Donald Trump ya ɗora wa kayan ƙasashen duniya nasa tarif ɗin, Najeriya ta samu kashi 14. Da labaran uku suka zo a jere, sai aka haɗa su a tukunya guda aka dama.

Ina cikin keke daga Kawo zuwa Kasuwar Gumi na ji wani mai gabatar da shiri a rediyo yana cewa gwamnati ta ƙara wa talaka harajin kiran waya. Masu bugo waya suka hau kai, kowa na tsine wa haraji, har aka rufe shirin ba wanda ya gyara. Abin ya dame ni sosai, domin wannan fassarar tana cutar mai saurare a aljihunsa.

Na Trump haraji ne, ba musu. Kuɗin fito ne da kwastan ke karɓa a kan kayan da aka shigo da su, yana shiga baitulmali. Tarif ɗin waya kuwa farashi ne: kobo nawa kamfani zai cire a kowace daƙiƙa ta kira, naira nawa saƙon tes, wanda ya tashi daga naira 4 zuwa 6, nawa ne gigabait ɗaya kuma kwana nawa zai yi kafin ya mutu. Kuɗin na kamfanin ne, hukuma amincewa kawai take yi. Kamfanonin ma kashi 100 suka nema, suna kukan tsadar dizal da faɗuwar naira, da cewa tun 2013 ba a taɓa farashin ba. Akwai haraji a harkar waya, amma sunansa daban: VAT na kashi 7.5, da wani na kashi 5 da Shugaba Tinubu ya dakatar a Yulin 2023.

Wani zai ce ai duk ɗaya ne, kuɗi dai ya fita. Ba ɗaya ba ne. Haraji ba a taya shi, an yanka maka sai ka biya. Farashi kuwa ana kwatanta shi, ana barin wannan rumfa a tafi waccan. Tun 2013 mutum na iya ƙaura daga wannan kamfani zuwa wancan da lambarsa ba tare da ya canza ta ba, kuma a cikin kamfani ɗaya ma akwai tsari fiye da ɗaya. Duk wanda aka ce masa haraji ne, an riga an gaya masa ya naɗe hannu.

Asalin kalmar shi ya fi ɗaukar hankalina, domin ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya zauna gaban malam a Islamiyya ya san ta'arifi. Kafin a shiga babin alwala ko na zakka sai malam ya ce a kawo ta'arifinta, a lugga kaza, a shari'a kaza. Wato a bayyana abu har mai sauraro ya san shi. To wannan kalmar ta Larabci ce ta bi jiragen fatake a tekun Bahar Rum, 'yan kasuwar Italiya suka karɓe ta suna kiran takardar da ke jera kuɗin kaya da ita, ta wuce Faransa, ta isa Ingila a ƙarshen ƙarni na 16. Akwai masu cewa daga sunan garin Tarifa na kudancin Sifen ta fito, amma masana harshe ba su karɓi wannan ba, sun tsaya a kan ta Larabcin. Ke nan kalmar ta shigo mana sau biyu. Ta farko ta biyo littattafan malamai ta hamada, ta riƙe ma'anarta. Ta biyu ta zagaya ta Turai, ta dawo a jikin katin waya, ba mu gane ta ba.

Ma'anarta ta asali ita ce sanarwa. Tarif farashi ne da aka bayyana, aka kafe a fili, mai saye ya gani kafin ya sa hannu a aljihu. A ra'ayina farashin da mai biya bai san shi ba bai cancanci wannan sunan ba, ko da hukuma ta buga masa hatimi.

Waɗanda suka riski farkon GSM a 2001 za su tuna cewa kira naira 50 ne a minti, ko daƙiƙa biyar ka yi an cire maka na minti cur, sai da Glo ya zo a 2003 da lissafin daƙiƙa. Da tsada ƙwarai, amma yarinyar da ke zaune ƙarƙashin laima da wayar haya ta san farashin, kai ma ka sani. Yau kira ya fi wancan sauƙi nesa ba kusa ba, sai dai ka tare mutum goma a Kasuwar Barci ka tambaye su wane tsari layinsu yake kai, da wuya biyu su ba ka amsa.

Gwaggona tana Rigasa, tana suyar awara a ƙofar gida. Wayarta ƙarama ce mai madannai, da ita take kiran mai kawo mata waken suya da 'yarta da ke aure a Zariya. Wata rana ta miƙo mini ita ta ce, “Ɗan nan, duba mini, jiya na sa katin ɗari biyu, sun ce sun ba ni kyautar ninki, yau wai babu ko sisi.” Na ce, “Gwaggo, wa kika kira?” Ta lissafa, duka-duka kira uku ne gajeru. Da na bincika sai na tarar layinta na kan tsarin garabasa, irin wanda ake ninka maka kati, amma kuɗin daƙiƙa a cikinsa ya fi na tsarin da ba kyauta tsada sosai, kyautar kuma tana da wa'adi. Ga bashin kati da ta ci a makon baya, wanda ake cire ladan kashi 15 tun kafin ya shigo. Ga kuma wata waƙar kira da ba ta san ranar da aka ɗora mata ba, ana zare kuɗinta a hankali. Ta yi shekaru a haka. Da na gama yi mata bayani ta yi shiru, sannan ta ce, “Ashe gyaran da suke ba ni daga cikin mudun suke ɗiba.” Ban taɓa jin wanda ya fassara garabasar waya daidai kamar haka ba.

A data abin ya fi ciwo. Mai ƙaramin ƙarfi ba ya sayen ta wata, ta yini yake saye, kamar yadda matar da ba ta da kuɗin kwalbar manja ke sayen ƙulli kullum. Kowa ya san ƙulli talatin ya fi kwalba tsada, haka nan ƙananan data na yini, idan aka tara su wata guda aka raba da abin da aka samu. Mai albashin da ya sayi babba lokaci ɗaya shi ke samun gigabait da araha, ɗalibin da ke jiran ɗari biyun safe shi ke biyan mafi tsada. Tsarin intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya sa burin gigabait ɗaya ya sauko naira 390. Ko da an kai can a takarda, ina so a tambaya a wane ƙunshin data ne, domin gidan da ke rayuwa a kan mafi ƙarancin albashi na naira 72,000 na jihar nan, balle mai awara da ba ta da albashi, ba ya iya fitar da kuɗin babban ƙunshin a tashi ɗaya.

Hukumar NCC ta san da wannan ruɗanin. A 2024 ta umarci kamfanoni su sauƙaƙa tsare-tsarensu, kada su wuce bakwai, kuma su bayyana farashi da sharuɗɗan garabasa a fili. Umarni ne mai kyau, amma bayanin na zuwa da Turanci, a shafin intanet ko a saƙon tes, ga wanda ko dai ba shi da data ko karatunsa na ajami ne. Da ana karanta jadawalin farashin da Hausa a rediyo, yadda ake karanta farashin hatsi na kasuwanni, da an yi ta'arifi na gaske.

Kafin a kai nan, akwai abin da ke hannun mutum. Lambobin yanzu ɗaya ne a duk kamfanoni: *310# na nuna ragowar kati, *323# ragowar data, *312# na buɗe jerin data don a kwatanta, 2442 na toshe saƙonnin talla, 622 kuma layin ƙorafi ne na hukumar, kyauta, idan kamfani ya ƙi sauraro. Idan an je ofishinsu tambaya biyu ta isa: wane tsari nake kai, kuma kobo nawa ne daƙiƙa? Gidan da ke da waya babba guda ɗaya zai fi samun sauƙi idan aka haɗa kuɗi aka sayi data ta wata a kanta, sauran su jona, a kuma kashe sabuntawa ta kai tsaye.

Gwaggo kuwa, na mayar da ita tsarin da ba kyauta, na cire waƙar. Da farko ba ta ji daɗi ba, don ta saba jin an ce an ninka mata. Bayan mako biyu na koma Rigasa, tana juya awara a kasko ta ce mini katin ɗari biyu yanzu yana kai ta kwana huɗu, kuma maƙwabciyarta mai ƙosai na jira in duba mata tata.