Waiwaye: Tankar yaƙi da mutumin da ke tafiya a bayanta

Tun da aka fara ganin bidiyon ƙananan jirage marasa matuƙi suna ƙona tankoki a Yukiren, masana harkar soja suka rabu biyu. Wasu na cewa zamanin tanka ya wuce. Muhawarar ta ƙara zafi bayan Amurka ta ba Yukiren tankokin Abrams 31, waɗanda suka fara isa a watan Satumban 2023, aka kuma rasa ta farko a kusa da Avdiivka cikin Fabrairun 2024. Amma wannan jana'iza ba yau aka fara yi wa tanka ba. An yi mata ita a 1973, lokacin da sojojin Masar suka ragargaza tankokin Isra'ila a Sinai da makamai masu linzami.

Don a fahimci wannan muhawara, bari mu waiwayi Yaƙin Duniya na Biyu. Farkon labarin kowa ya sani. Amurkawa sun sha kashi a hannun Jamusawa a mashigar Kasserine ta Tunisiya a Fabrairun 1943, suka gyara, suka ratsa Sisili, sannan suka sauka gaɓar Normandi ta Faransa ranar 6 ga Yuni 1944. Daga nan yawancin masu ba da labari sai su yi tsalle zuwa Faris. Makonni bakwai da ake tsallakewa kuwa, a ganina, nan maganar take.

Bayan gaɓar akwai ƙasar noma da Faransawa ke kira bocage: ƙananan gonaki da makiyaya, kowace an kewaye ta da ganuwar ƙasa wadda kan kai ƙirjin mutum ko fiye, itatuwa sun tsiro a kanta, saiwoyinsu sun ɗaure ta shekaru aru-aru. Tsakanin gonakin sai burtali mai zurfi da duhu. Kowace gona ta zama sansani. Jamusawa kan kafa bindiga mai jigida a kusurwa su jira. In tankar Sherman ta Amurkawa ta bi burtali, igwa na jiranta a gaba. In ta hau ganuwar, sai goshinta ya ɗaga sama, bindigarta ta kalli gajimare, cikinta marar kauri ya fito fili, soja ɗaya da Panzerfaust, wato makamin hannu na fasa tanka, ya gama da ita. In sojan ƙasa ya shiga shi kaɗai, harsashi ya tsince shi a tsakiyar fili. Garin Saint-Lô, wanda bai kai kilomita 40 daga teku ba, sai 18 ga Yuli aka shige shi.

Abin da ya fi ganuwar muni shi ne kurumta. Rediyon tanka da oba-obar sojan ƙasa ba sa jin juna. Mutum biyar ne a cikin Sherman, a rufe, ga ƙarar inji, suna leƙen duniya ta 'yan ƙananan kafofi. Wanda ke waje yana ganin maƙiyi sarai, amma ba yadda zai faɗa musu, sai dai ya buga jikin tankar da gindin bindiga, ko ya hau kanta ya yi ihu, shi kuma ya zama abin hari.

Maganin a fagen daga ya fito. Wani saje mai suna Curtis Culin ya sa aka yanko ƙarafunan da Jamusawa suka dasa a bakin teku don hana sauka, aka yi waldarsu a goshin tanka kamar haƙoran garma, ta yadda za ta huda ganuwar maimakon ta hau. Janar Omar Bradley, kwamandan dakarun Amurka a wurin, ya ga gwajin a tsakiyar Yuli, ya ce a yi da yawa. Wannan shi ake yawan yabawa, don yana da daɗin faɗa. Ɗayan maganin ba shi da kwarjini: wayar tarho ta filin daga, a cikin akwatin harsashi da ya ƙare, a maƙale a bayan tanka, an haɗa ta da layin maganar 'yan ciki. Da ita aka samu tsarin cin gona ɗaya-ɗaya: tanka ta danne kusurwoyi da wuta, dakaru su tsallaka, injiniyoyi su fasa ganuwar da nakiya, tanka ta biyo.

Ranar 25 ga Yuli Amurkawa suka fara farmakin da aka kira Cobra, don ɓallewa daga cikin gonakin, bayan ruwan bama-bamai da wasu suka faɗa kan Amurkawan kansu, har suka kashe Janar Lesley McNair. Kafin wata ya ƙare an kai garin Avranches, ranar 25 ga Agusta aka shiga Faris. A Oktoba aka ci Aachen, babban birnin Jamus na farko da ya faɗi, gida-gida, tanka da dakaru kafaɗa da kafaɗa.

Sai aka manta. Abrams ta shiga aiki a 1980, an ƙera ta don faɗan fili da tankokin Tarayyar Sobiyet, ba tarho a bayanta. Ta yi ta gudu a hamada a yaƙi da Iraƙi na 1991, ta kutsa Bagadaza a Afrilun 2003. Da faɗa ya koma lunguna irin na garin Falluja na Iraƙi, inda mai roka ke laɓe a kan soro, sojan ƙasa ya sake samun kansa a bayan tankar da ba ta jinsa. Cikin kayan da aka ƙara mata don yaƙin cikin gari har da ɗan akwati a baya, da wayar tarho a ciki.