Rufe Tsofaffin Ƙofofin Na'ura a Kanel ɗin Linux

Kanel shi ne ginshiƙin babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, shi ke shiga tsakanin sauran manhajoji da sassan na'ura. Duk hanyar da ya bai wa manhaja ta isa ga faifan ajiya, ƙwaƙwalwa ko katin sauti, ƙofa ce mai buƙatar mai tsaro. Idan ta tsufa, masu kula da ita suka watse, akan rufe ta.

Tarihi

Linus Torvalds ya fara kanel ɗin Linux a 1991 a kan kwamfuta mai guntun sarrafa bayanai na Intel 80386. A fitowa ta 3.8, farkon 2013, aka daina tallafa wa wannan guntun da aka faro aikin a kansa. Tun kafin nan an cire devfs, tsarin da ke samar da fayilolin da ke wakiltar sassan na'ura, a 2.6.18 cikin 2006, wani tsarin mai suna udev ya gaje shi. Tsofaffin direbobin sauti na OSS, wato manhajojin da ke sarrafa katin sauti, sun daɗe a gefe bayan zuwan sabon tsarin ALSA, sai wajejen 2018 aka kwashe su.

A shekarar 2021 an yi shara sosai. A 5.13 aka cire /dev/kmem, fayil ɗin da mai cikakken iko kan kwamfuta ke karanta ƙwaƙwalwar kanel da shi, har ya yi rubutu a cikinta kai tsaye. Masu farautar kurakurai ne suka fara cin moriyarsa, amma masu kutse ma sun gano cewa ta nan za su ɓoye mugun shirinsu, shi ya sa manyan rabe-raben Linux, wato cikakkun nau'o'insa da ake rarraba wa jama'a, suka kashe shi tun da daɗewa. A 5.14 kuma tsohon tsarin IDE, mai haɗa faifan ajiya da kwamfuta, ya tafi. Wanda ya taɓa buɗe cikin tsohuwar kwamfuta ya san faffaɗar wayar nan mai ramuka 40 da jan layi a gefe ɗaya. Faifan da ke kanta bai mutu ba, sabuwar manhajar kula da faifai mai suna libata ce ta karɓi ragamarsa, sai sunansa ya koma /dev/sda maimakon /dev/hda. Wannan sauyi ya yi kyau, domin kusan ba a bar kowa a rana ba. Tallafin Itanium, wani guntun Intel, ya bi sahu a 6.7, Janairun 2024.

Ƙa'ida

Torvalds ya tsaya kai da fata cewa kada sabon kanel ya lalata manhajar da ke wa mutane aiki. Don haka sai an fara ayyana abu a matsayin tsohon yayi, a kawo madadinsa, a jira shekaru. In wani ya fito ya ce yana amfani da shi, akan dakata. Shiru kuwa, ana ɗaukarsa babu mai buƙata.

A Sudan

Takunkumin Amurka daga 1997 zuwa 2017 ya wahalar da shigo da sabbin kaya, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ƙara tsananta lamarin. Kwamfuta 'yar gwanjo ita ce abin hannun talaka, har da Hausawan Mai Wurno, Gadarif da Kasala. Irin wannan kwamfuta ce rufe tsofaffin ƙofofi zai iya shafa. Abin damuwa shi ne da wuya muryar mai gyara a waɗannan garuruwa ta isa inda ake yanke shawara. Mafitarsa ita ce kanel mai dogon tallafi, wanda ake ci gaba da toshe ɓarakarsa shekaru bayan fitowarsa.

Saɓani

Wasu na ganin ana gaggawar rufe ƙofofin. Masu kula da kanel na cewa ajiye abin da ba wanda ke gwada shi ya fi haɗari.